Baƙon da Ya Zo da Tukunyarsa: Tarihin Cimar Turawan Birtaniya a Ƙasashen Waje

A garin Benidorm da ke bakin Bahar Rum, a gabashin Sifaniya, akwai unguwar da mutum zai yi mako guda bai ɗanɗana girkin Sifaniya ko sau ɗaya ba. Allunan ƙofar shaguna da Turanci aka rubuta su, kuma abin da suke talla shi ne karin kumallo irin na Ingila, wato soyayyen ƙwai da naman alade da wake cikin miyar tumatir da gasasshen burodi da shayi mai madara. Da rana a sami soyayyen kifi da dankali, ranar Lahadi kuma gasasshen naman sa da romonsa. Haka abin yake a Torremolinos da Fuengirola cikin lardin Malaga, da Magaluf a tsibirin Mayorka, da kudancin Tenerife. A 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 18 suka shiga Sifaniya daga Birtaniya, fiye da na kowace ƙasa, ban da wajen dubu 300 da suka tare can, da yawansu tsofaffi masu cin fansho. Jaridun Landan da wasannin barkwanci na talabijin sun daɗe suna yi wa waɗannan mutane dariya, kuma hukuncin da aka saba yankewa shi ne mutumin Ingila yana tsoron abin da bakinsa bai sani ba. Wannan hukunci bai gamsar da ni ba, domin ya kasa bayyana dalilin da ya sa mutanen ƙasa ɗaya suka rungumi abincin Indiya hannu biyu a wani zamani, suka juya masa baya a wani. Abin da tarihi ya nuna shi ne cimar Bature a waje ƙarfinsa take bi. Idan ya isa wuri cikin 'yan tsiraru masu neman alfarma, abin da aka ajiye masa yake ci. Idan kuwa ya zama mai mulki, ko mai kuɗin da gari ke jira, sai murhun masu gida ya koma dafa abin da shi ya saba.

Tinƙaho da abincin gida dai tsoho ne a Ingila, babu mai musun wannan. A ƙarni na 18 gasasshen naman sa ya zama alamar ɗan ƙasa mai 'yanci da ƙoshi, a jera shi da Bafaranshe da ake kwatantawa da ramamme mai shan tsinkakken romo. A 1748 William Hogarth ya zana hoton ƙofar garin Kale na Faransa, inda ake wucewa da ƙaton yankin nama zuwa masaukin Ingilishi, sojojin Faransa suna binsa da kallo. Tobias Smollett, likita kuma marubuci, ya fitar da labarin tafiyarsa a Faransa da Italiya a 1766, cike da ƙorafin tafarnuwa da ƙazantar masaukai. Amma abin lura shi ne Smollett da ire-irensa ci suke yi suna mita, saboda ba su da yawan da zai sa mai masauki ya sauya tukunya. Sai da masu hannu da shuni na Ingila suka fara cin sanyinsu a Nis da Fulorans da Roma, suna zama watanni a jere, sannan aka fara samun wuraren da aka buɗe dominsu. A 1893 wasu mata biyu, Isabel Cargill da Anna Maria Babington, suka buɗe gidan shayi a Roma don Turawan Ingila da ke zaune can, kuma har yau yana nan. Ƙyamar ta riga kasuwar zuwa da shekaru ɗari, amma sai da jama'a da kuɗi suka taru wuri ɗaya sannan ta zama shago.

Indiya ce ta fi nuna yadda abin yake juyawa. Ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya na ƙarni na 17 da na 18 fatake ne da ke zaune da izinin sarakunan Mughal da hakimansu. Shinkafa da miyar kori da kayan yaji suke ci, wasu suna sa tufafin ƙasar, da yawa suka auri matan ƙasar, kuma waɗanda suka koma gida sun koma da kwaɗayin abin da suka saba. Tun a 1747 littafin girki na Hannah Glasse ya ƙunshi yadda ake yin kori, kuma a 1810 wani ɗan Patna, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan yana sa ran tsofaffin ma'aikatan kamfanin su zama abokan cinikinsa. Sai kamfanin ya rikiɗe daga ciniki zuwa mulki. Bayan boren 1857 gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragamar ƙasar da kanta a 1858, sannan aka buɗe mashigin Suwez a 1869, tafiya ta gajarta, matan jami'ai suka riƙa zuwa da yawa. Daga nan cin abincin talakawan da kake mulka ya zama abin kunya. Miyar kori ba ta ɓace ba, amma an kore ta zuwa kalaci da abincin rana da zangon tafiya. Walimar dare kuwa, inda ake nuna matsayi, sai aka jera kwano bayan kwano irin na Landan, har da kifin gwangwani da waken gwangwani da suka yi watanni a cikin jirgin ruwa, a ƙasar da kasuwanninta ke cike da ɗanyen kayan lambu. Littafin da Flora Annie Steel da Grace Gardiner suka rubuta a 1888 don koya wa sababbin matan jami'ai riƙon gida, akasarin girkin da ke cikinsa na Turai ne. Mutumin da ke cin lamin gwangwani cikin zafin Kalkata, sanye da baƙar kwat, ba daɗi yake nema ba. Yana gaya wa kansa da masu yi masa hidima cewa shi ba irinsu ba ne.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne gwangwani. Bryan Donkin ya kafa masana'antar cusa abinci a gwangwani a Landan a 1813, tun farko don sojojin ruwa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kantuna irin su Fortnum & Mason da Army & Navy suna aika akwatunan abinci duk inda tutar Birtaniya ta kai. Wannan ɗabi'a ta iso ƙasar Hausa kai tsaye, domin Lugard kansa a Indiya aka haife shi, can kuma ya fara aikin soja. Jami'in da aka turo Zungeru ko Kaduna yakan zo da akwatunansa na madara da man shanu da biskit da jam, 'yan dako su ɗauka a ka idan zai fita rangadi, kuku kuma ya koyi sarrafa kazar kasuwa da ƙwan zabi su fito da kamannin girkin Ingila. Dokar birane ta 1917 ta sa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, bisa hujjar kare lafiya, kuma tazarar da ke tsakanin teburinsu da akushinmu ba ta gaza wannan ba. Abincin ƙasa da ya samu shiga shi ne miyar gyaɗa da ta manja a ƙarshen mako, su ma a kewaye da ƙananan faranti na ayaba da kwakwa da yankakkiyar albasa, yadda aka saba cin kori a Indiya. Noman dankalin Turawa a tsaunukan Jos da kantunan Kingsway da kamfanin UAC ya fara buɗewa a Legas a 1948 duk sun samo asali ne daga buƙatar baƙon da ya ƙi sauya cimarsa kuma yake da ikon ƙi.

Masu yawon buɗe ido na farko a kan wannan turba suka hau. Thomas Cook, wanda ya fara da kai masu yaƙi da shan giya daga Leicester zuwa Loughborough a jirgin ƙasa a 1841, ya tsallaka da ayari zuwa nahiyar Turai a 1855, ya kai Masar da Falasɗinu a 1869. Hajar da yake sayarwa ita ce kwanciyar hankali: ka ga dalar Fir'auna da Birnin Ƙudus ba tare da ka yi ciniki da kowa ko ka ci abin da ba ka sani ba. A 1868 kamfaninsa ya fito da takardar da ake biya tun daga Landan, a miƙa ta a otal a karɓi ɗaki da abinci. Mai otal da ke son ayarin Cook ya riƙa sauka wurinsa dole ya dafa abin da ayarin zai ci. Wannan ƙaramar takarda ita ce ta ɗauke zaɓin abinci daga hannun mai gida da baƙonsa, ta damƙa shi ga ɗan kasuwan da ke tsakaninsu, kuma abin da ya faru a Sifaniya bayan shekara ɗari faɗaɗa wannan tsari ne kawai.

Sai dai kafin a kai can akwai wani ɗan lokaci da ya ƙaryata zancen tsoron baƙon abinci. Birtaniya ta yi shekara 14 ana raba abinci da kati, daga Janairun 1940 har Yulin 1954 da aka saki nama. Shayi sai 1952 aka sake shi, sukari 1953, burodi ma da bai shiga kati lokacin yaƙi ba ya shiga daga 1946 zuwa 1948. Cikin wannan ƙunci, a watan Mayun 1950, Vladimir Raitz, ɗan jarida haifaffen Mosko, ya ɗauki hayar jirgin sama ya kai malaman makaranta da ɗalibai Calvi a tsibirin Kosika. Fam 32 da sule 10 ne kuɗin, a kwana a tsofaffin tantunan soja, kuma babban abin da ya ja mutane shi ne za su ci nama su ƙoshi, su sha giyar inabin yankin. Wato tafiyar farko ta wannan zamani, wadda ake biyan kuɗin jirgi da masauki da ci a dunƙule, da abincin masu gida aka tallata ta. A shekarar ce kuma Elizabeth David, wadda ta zauna a Girka da Masar lokacin yaƙi, ta fitar da littafinta na girkin ƙasashen Bahar Rum, a lokacin da man zaitun a yawancin garuruwan Ingila sai a kantin magani ake samunsa, cikin 'yar kwalba, don ɗiga wa kunne. Mutanen da yunwar nama ta kora Kosika ba su tambayi ina karin kumallon Ingila yake ba.

To me ya sauya cikin shekara ashirin? Yawa ne da farashi. Gwamnatin Janar Franco ta Sifaniya tana matuƙar buƙatar kuɗin waje, kuma a 1959 ta karya darajar kuɗinta, ta sassauta shigowar baƙi. A Benidorm, ƙauyen masunta da babbar sana'arsa ta kamun kifin tuna ta durƙushe a 1952, wani matashi mai suna Pedro Zaragoza da ya zama magajin gari a 1950 ya tsara sabon birni mai faffaɗan tituna a 1956, daga baya aka ba da damar gina dogayen benaye. Da aka buɗe filin jirgin saman Alikante a 1967, sai ƙofa ta wangale. Kamfanonin tafiye-tafiye na Birtaniya, irin su Clarksons da Thomson, suka riƙa bai wa masu filaye bashin gina otal, da sharaɗin a keɓe musu gadaje na shekaru a kan farashin da aka ƙayyade tun farko. Mai otal da aka ɗaure da irin wannan yarjejeniya, yana ciyar da ɗaruruwan mutane sau uku a rana a kan 'yan kuɗi kaɗan, ba shi da halin sayen ɗanyen kifi mai kyau ko ɗaukar ƙwararren kuku. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne kaza da soyayyen dankali da salak, abin da ba zai jawo ƙorafi zuwa ofishin kamfani a Landan ba, tunda ƙorafi na iya cinye masa kwangilar baɗi. Gwamnati ta hango haɗarin, shi ya sa a tsakiyar shekarun 1960 ma'aikatar yawon buɗe ido ƙarƙashin Manuel Fraga ta tilasta wa gidajen abinci su tanadi cikakken abincin rana a kan tsayayyen farashi don baƙi, da fatan su ɗanɗana girkin yankuna. Abin ya kafu, amma a ƙarshe ma'aikatan Sifaniya ne suka fi cin moriyarsa. Gasar rage farashi kuwa ta yi tsananin da ta kayar da Clarksons da uwar kamfaninsa Court Line a Agustan 1974, dubun-dubatar mutane suka maƙale a waje. Da yawa daga waɗanda suka koma gida suna cewa abincin Sifaniya ba daɗi, ba su taɓa cinsa ba. Abin da suka ci girkin kwangila ne, wanda ba na Sifaniya ba, ba kuma na Ingila ba.

Ya kamata kuma a dubi ko wane ne wannan sabon matafiyi. Ma'aikacin masana'anta ne ko direban bas daga Manchester ko Glasgow, wanda iyayensa hutunsu bai wuce Blackpool ko sansanin Butlin ba, inda ake ajiye abinci a kan lokaci kuma kowa ya san abin da za a kawo. Bai taɓa hawa jirgin sama ba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci, ya yi shekara yana tara kuɗin mako biyun nan, ga yara a hannu. Daga 1966 zuwa 1970 gwamnatin Harold Wilson ta ƙayyade kuɗin da mutum zai kashe a waje a fam 50 a shekara, saboda haka farantin da aka saya aka kasa ci asara ce ta gaske. A gida ƙarfe shida yake cin abincin dare, a Sifaniya kuwa ba a zama sai tara ko goma, kalacinsu kuma kofi ne da ɗan burodi. An tsorata shi da ruwan famfo da ciwon ciki, kuma a garuruwan da gini ya riga magudanan ruwa zuwa, tsoron ba na banza ba ne. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Irin wannan mutum idan ya ga allo da harshensa, da farashin da ya gane, da abincin da ya tabbata ɗansa zai ci, shigarsa wurin hankali ne, kuma ban ga abin raini a ciki ba. Masu shaguna na Sifaniya ne ma suka fara gane haka, suka koyi soya ƙwai da dafa shayi, kafin Turawan Ingila da kansu su zo su sayi mashaya.

Zango na biyu shi ne na masu tarewa. Sifaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1986, daga baya dokokin Tarayyar Turai suka ba ɗan Birtaniya damar zama da aiki da karɓar fanshonsa da ganin likita a can. Kamfanin jirgin sama na EasyJet ya fara tashi a 1995, Ryanair ya bazu, zuwa Malaga ya koma arha fiye da wasu tafiye-tafiyen jirgin ƙasa a cikin Ingila. Aka gina rukunin gidaje a wajen tsofaffin garuruwa, inda maƙwabci ɗan Ingila ne, mai gyaran famfo ɗan Ingila ne, jaridar kyauta da Turanci take, tauraron ɗan'adam kuma yana kawo BBC har falo. Manyan kantuna suka buɗe masu sayar da kayan kantin Iceland da shayin Tetley da Marmite da waken Heinz, motoci suna kawo su daga Birtaniya ba shinge ba haraji. A nan maganar ta bambanta da ta mai hutun mako biyu. Wanda ya shekara ashirin a lardin Alikante bai iya gaishe da mai sayar da kifi da harshensa ba, matsalarsa ba a farantinsa take ba, amma farantin yana nuna ta.

Akwai masu cewa duk wannan surutu girman kai ne na masu ilimi da kuɗi, waɗanda ke raina hutun talaka. Suna da gaskiya mai yawa. Tun zamanin Cook manyan mutane ke yi wa ayarinsa kallon gayyar na-ayya da ta zo ɓata musu wuraren shaƙatawa. Da talaka ya iso bakin teku, sai mai hali ya matsa zuwa ƙauyukan Tuskani da kudancin Faransa, ya mai da sanin cuku da man zaitun sabuwar alamar matsayi, kamar yadda kakansa a Kalkata ya mai da ƙin cin kori alamar matsayi. Littafin Peter Mayle na 1989 game da shekararsa a Provence ya sayu ƙwarai a wajen irin waɗannan. Amma cin abincin masu gida da kansa ba ya nuna an girmama su. Mai sayen tsohon gidan gona a Dordogne ta Faransa, yana cin duk abin da ƙauyen ke ci, yana iya zama shi ne ya ɗaga farashin gidaje har 'ya'yan ƙauyen suka kasa zama. Na yarda a daina yi wa mai cin dankali a Benidorm dariya. Ban yarda wannan ya rufe tambayar wa ke sauya rayuwarsa domin wa ba.

Wasu kuma za su ce kowane matafiyi haka yake, kuma mu ne shaida. Alhazanmu sukan tafi da garin kuka da daddawa da yaji a ƙasan jaka, kuma bayan kwana uku na shinkafa da kaza sai ka ga dattijo yana cigiyar inda matan Hausawa mazauna Makka ke sayar da tuwo. Ba wanda zai zarge shi, domin ciki ya fi kowace gaɓa riƙon sabo, musamman ga tsoho da mara lafiya. Kewar abincin gida halin ɗan'adam ce, kuma Baturen da ke son shayinsa bai yi laifin da ya fi na mai neman kunun tsamiya ba. Amma a gwada da mutanen Sylhet na Bangladesh, waɗanda su ne suka kafa akasarin gidajen kori a Birtaniya. Sun koyi Turanci, sun rage yaji, sun ƙara romo da zaƙi, sun gyara girkinsu ya dace da bakin masu ƙasa, abincinsu na ainihi kuwa suka bar shi a bayan kicin da gidajensu. A Benidorm akasin haka ne ya faru: ɗan ƙasa ne ya koyi harshen baƙo, ya sauya lokacin buɗe shagonsa, ya cire tafarnuwa. Kewar iri ɗaya ce a wuraren biyu, amma wanda ya zo neman aiki shi ya lanƙwasa, wanda ya zo da kuɗin kashewa kuwa aka lanƙwasa masa.

Zancen cewa bakin mutumin Ingila a rufe yake ma ba ya tsayuwa idan aka duba farantin da kansa. Shayin daga Sin da Assam ya fito. Dankalin ta hannun Sifaniyawa ya shigo Turai daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16. Masana tarihin abinci da dama suna danganta soyayyen kifin Landan da Yahudawan da asalinsu daga Sifaniya da Fotugal aka kore su, kuma har yau soya ƙananan kifi cikin gari sana'a ce a Malaga da Kadiz. Jam ɗin lemo mai ɗaci da ake shafa wa burodi da lemon Sebiya ake yinsa. A 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya bayyana wata miyar kaza ta gidajen kori a matsayin abincin ƙasa, kuma a titunan Benidorm ɗin nan gidajen abincin Indiya da na Sin suna jere da masu soya kifi, domin su ma yanzu cikin abincin gida suke. Mutanen Birtaniya suna karɓar baƙon abinci sosai, amma a gidansu, bayan wani ya gyara musu shi, ya rubuta sunansa da haruffan da suke karantawa. Abin da ba su saba ba shi ne zama a teburin da ba su ne ke da ta-cewa ba, kuma daular da ta shekara ɗaruruwa, da fam mai ƙarfi, da harshen da duniya ta koya, su ne suka hana su sabawa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa ba wanda aka tilasta. Sifaniyawa da kansu suka gayyato baƙin, kuma kuɗin yawon buɗe ido ya fitar da gaɓar teku daga talaucin da ya kori miliyoyin 'yan ƙasar zuwa ƙwadago a Jamus da Faransa da Suwizalan. Wannan gaskiya ne, kuma jikan masuncin Benidorm da ya yi karatun jami'a da kuɗin soya ƙwai ba zai so a mai da shi zamanin kakansa ba. Sai dai yarda da aka yi cikin talauci, ƙarƙashin mulkin da ba a tambayar jama'a, ba ta ɗaure jikoki har abada, kuma ma'aunin ƙarfin ya fara motsi. Da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, matafiyi ya rasa damar shiga da nama ko madara ko cuku. A Janairun 2021 talabijin ta Holan ta nuna jami'an kwastan suna karɓe burodi mai naman alade daga hannun direbobin da suka sauko daga jirgin ruwa. A Satumbar shekarar Marks & Spencer ya sanar da rufe shaguna 11 a Faransa saboda wahalar shigo da ɗanyen abinci, kantunan kayan Ingila a Sifaniya kuma suka ga kantocinsu sun yi fayau, farashi ya hau. Wanda ba shi da takardar zama yanzu kwana 90 kacal yake da su cikin kowane 180. A ɓangaren masu gida kuma, a Afrilun 2024 dubun-dubatar mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran Kanari, a Yuni a Malaga, a Yuli a Basalona da Mayorka. Ba a kan soyayyen ƙwai suka fito ba. Kukansu kuɗin haya ne, da ƙarancin albashi a otal-otal, da gidajen unguwa da aka mai da masaukin kwana uku, har ma'aikacin da ke dafa wa baƙi kalaci ya rasa ɗakin da zai iya biya a garin da aka haife shi.